Littafin zaman Asabar na masu koyon rubuta manhaja a Kano

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Mun samu ɗaki. Wani Alhaji mai makarantar koyon kwamfuta a wajen Kabuga ya yarda mu riƙa amfani da babban ajinsa duk Asabar, daga ƙarfe 2 zuwa 6 na yamma, bayan ɗalibansa sun tashi. Ba zai karɓi haya ba. Sharuɗɗansa biyu ne: mu zuba wa janareta mai da kanmu, kuma kada kowa ya taɓa kwamfutocin makarantar. Akwai kujeru 30, fanka uku, farin allo, da majigi wanda haskensa ya fara komawa ruwan hoda.

Mu uku ne muka ɗauki nauyin abin. Ni, da abokina mai gyaran waya a Farm Centre, da wata malamar lissafi ta sakandare wadda ta koyi Python, wani yaren rubuta manhaja, da kanta a lokacin kullen korona. Kano ba ta rasa tarukan fasaha ba. Akwai GDG, ƙungiyar masu aiki da fasahar Google, ana yin taronta na DevFest a ƙarshen shekara, zaure ya cika, a ji jawabai masu kyau, a raba sitika, a ɗauki hoto. Amma ranar Laraba da daddare, idan kod ɗinka ya ƙi gudu, hoton taro ba ya amsa tambaya. Abin da muke nema shi ne wurin da mutum zai san cewa duk mako, a wannan sa'ar, akwai wanda zai ja kujera ya zauna kusa da shi su duba allon tare.

Da Python za mu fara, domin shi muka fi sani mu ukun.

Alhamis, 5 ga Satumba

An buɗe zauren WhatsApp. Zuwa dare mutum 64 sun shiga. Na sayo ekstenshan guda uku a Sabon Gari, naira 13,500.

Asabar, 7 ga Satumba

Zaman farko. Mutum 23 suka zo, laftof tara kacal a tsakaninsu. Yawanci ɗaliban BUK ne, sai wasu da ke cikin shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, da ɗan bautar ƙasa guda ɗaya. Mata biyu, in an haɗa da Malama.

Wani saurayi yana shigowa ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli fankar da ke kuka, ya ce, "Malam, dama nan ne wurin?" Na ce nan ne. Na gaya masa cewa ƙungiyar Homebrew ta Amurka, inda Steve Wozniak ya riƙa nuna kwamfutar da ta zama Apple ta farko, a garejin wani gida ta fara zama a watan Maris na 1975, kuma tun 1955 masu aiki da manyan injinan IBM suka kafa ƙungiyar SHARE don kawai su riƙa musayar kod da dabaru. Ya yi dariya ya zauna. Tambayarsa ta biyu ita ce ko za a ba da satifiket. Na ce babu. Bayan sallar la'asar bai dawo ba, shi da wasu uku.

Sauran lokacin ya tafi ne a kan girka manhaja, kuma bai tafi daidai ba. Ƙaramar na'urar intanet guda ɗaya muka zo da ita, na zuba mata data 10GB ina ganin har ta yi yawa. Python ɗin kansa bai kai 30MB ba. Sai dai laftof ɗin nan da yawansu sun yi watanni ba su ga intanet mai yalwa ba, suna jin ƙamshinsa Windows ta fara sabunta kanta a ɓoye, kamar awaki sun samu ƙofar rumbu a buɗe. Kafin awa ɗaya da rabi datar ta ƙare, mutum huɗu kawai suka gama saukewa.

Cikin huɗun ma, biyu sun tsallake ɗan akwatin da ke ƙasan shafin farko na girkawa, wanda ke saka Python a PATH, don haka suna rubuta python a baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni ana ce musu ba a san shi ba. Wani kuma Windows 7 ce a laftof ɗinsa, sabon Python ya ƙi hawa, domin daga 3.9 an daina tallafa mata. Ƙarfe 6 ta yi ba wanda ya rubuta layin kod ko ɗaya, in ban da Malama da ta rubuta misali a farin allo.

Kashewa: mai lita 5, naira 5,500. Data 4,000. Fiyawata leda biyu, 900. Daga aljihunmu mu uku.

Talata, 10 ga Satumba

Na kwana ina haɗa filashi. A ciki akwai Python na sabbin Windows, da 3.8 saboda mai Windows 7, da Git, da VS Code, da Thonny don laftof masu rauni, da littafin bayanin Python gaba ɗaya wanda ake karantawa ba tare da intanet ba. Ƙananan kayan kod da ake ƙara wa Python, irin su Flask mai gina shafin intanet, na sauke su da pip download zuwa cikin jaka guda, ta yadda kowa zai girka daga filashin da pip install --no-index --find-links. Mai gyaran waya ya kawo tsohuwar rauta daga shagonsa. Ba za mu haɗa ta da intanet ba sam. Aikinta ta haɗa kwamfutocin ɗakin kawai, ni kuma in kunna python -m http.server a tawa, kowa ya ja abin da yake so.

Asabar, 14 ga Satumba

Mutum 17. Cikin minti arba'in kowace laftof ta shirya. Duk wanda zai hau intanet sai mun fara nuna wa Windows ɗinsa cewa layin na awo ne, don ta daina shan data a ɓoye.

Tunda laftof ba su kai ba, mun zaunar da su bibbiyu: ɗaya yana bugawa, ɗaya yana faɗa masa abin da zai buga, bayan minti goma sha biyar su sauya. Rashi ne ya sa muka yi haka, amma ya fi abin da muka tsara. Wanda ba ya riƙe da madannai dole ya furta tunaninsa da baki, nan take ake gane inda bai gane ba. Ɗakin ya cika da surutu har Alhaji ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi.

Masu waya kaɗai, mai gyaran waya ya ja su gefe ya girka musu Termux, manhajar da ke ba wayar Android baƙin allon umarni. Ya dage a ɗauko ta daga kasuwar manhajoji ta F-Droid. Da pkg install python git sun samu kusan duk abin da masu laftof suka samu, sai dai bugawa da yatsa biyu akwai wahala. Ya ce zai nemo madannai na hannu masu arha da 'yar wayar OTG.

Asabar, 21 ga Satumba

Ruwa tun azahar. Mutum 9. Mun yi for da while, wato madaukan da ke maimaita aiki a kod, muka tashi da wuri. Mai lita 3.

Asabar, 28 ga Satumba

Yau ne aka yi abin da 'yan zaure suka daɗe suna roƙo. Wani ɗan arewa da ke zaune a Legas, yana yi wa kamfanin ƙasar waje aiki daga gida, ya yarda ya yi mana magana ta bidiyo a kan yadda ake samun aikin da ake biya da dala. Tun da aka saka sanarwar zauren ya haura mutum 140. Ɗakin ya cika, kujeru suka ƙare, aka aro benci daga masallaci, wasu suna tsaye ta taga. Na daina ƙirga a 50.

Mutumin ya yi ƙoƙari, kuma gaskiya ya faɗa: ya ce ya yi shekaru yana rubuta kod kafin wani ya biya shi ko sisi, ya ce Turancin rubutu da cika alkawari sun fi yawan yarukan da ka sani. Amma layi ya riƙa yankewa, murya tana zuwa hoto yana tsayawa. Muka kashe bidiyo muka bar murya, ita ma ta riƙa sarƙewa. A ƙarshe ya kira wayata kai tsaye na kara ta a bakin makirfon. Tambayoyin da aka yi masa kusan duk iri ɗaya ne: nawa ake samu, ta wace manhaja kuɗin ke shigowa, wata nawa mutum zai yi ya fara. Ba wanda ya tambaye shi abin da yake ginawa.

Mun kashe naira 21,000 yau, da hayar lasifika da lemo. Ba a buɗe laftof ko ɗaya ba. Da muke kwashe kujeru Malama ta ce, "Mu ga nawa za su dawo." Ni ra'ayina irin wannan zama a yi shi sau ɗaya a wata uku, ya isa. Yana kawo sababbin fuskoki, amma ba shi ne aikin ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Mutum 16, uku daga cikinsu sababbi ne daga taron makon jiya. Sauran su ne dai waɗanda suka zo ranar ruwa da ranar filashi.

Mun shiga Git, manhajar da ke riƙe tarihin duk gyaran da aka yi wa kod. Na zaɓi wannan watan ne saboda Hacktoberfest, shirin da DigitalOcean ke yi duk Oktoba tun 2014, inda a 2024 ake son mutum ya tura gyara huɗu zuwa manhajojin da kod ɗinsu ke buɗe, a karɓa. Na faɗa musu tun farko cewa an daina raba riga, tambarin yabo ne kawai a intanet. Na kuma ja musu kunne a kan abin da ya faru a 2020, lokacin da masu neman riga suka cika rumbunan kod na mutane da gyaran banza, a ƙara waƙafi a nan a sauya kalma a can, har aka mayar da dokar cewa sai mai rumbu ya nuna yana so kafin gyara ya ƙirgu. Ba na so sunan ɗan zamanmu ya fito a irin wannan.

Don haka za mu gina namu. An kawo shawarwari, har da mai cewa a yi kishiyar Facebook. Wadda ta ci ita ce ta Malama: ƙaramar manhajar riƙe lissafin adashi. Wa ya zuba, wa bai zuba ba, wa ke da kwasa a wannan zagayen. Kowa a ɗakin ya san adashi, ba sai an yi masa bayani ba.

Inda aka sha wuya shi ne turawa zuwa GitHub, shafin intanet da ake ajiye rumbunan kod. Mutane suna saka kalmar sirrinsu ana ƙi, suna zaton sun manta ta ne. Tun Agustan 2021 GitHub ta daina karɓar kalmar sirri wajen turawa daga baƙin allo, sai da mabuɗin SSH ko lambar izini ta musamman. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya da ssh-keygen. Wani ya liƙa mabuɗinsa na sirri a zauren WhatsApp yana tambaya ko shi ne za a saka. Muka sa ya goge ya ƙirƙiri sabo, aka yi darasin minti goma a kan bambancin wanda ke ƙarewa da .pub da wanda ba a nuna wa kowa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Python 3.13 ta fito ranar Litinin, 3.8 kuma ta kai ƙarshen tallafinta. Ba za mu sauya komai a tsakiyar aiki ba. Mai Windows 7 dai lokaci ya yi da za a saka masa Linux Mint, ya ce sai ya kwashe hotunan bikin yayarsa tukuna.

Mai ya sake tashi, lita ta haura naira 1,000 ko a gidajen man da ake layi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Malama ta zo da gwaggonta, wadda ta shekara fiye da ashirin tana uwar adashi a cikin gari. Tun makon jiya yaran suka zana tsarinsu a allo: jadawali ɗaya na mutane, kowa da sunansa da ranar kwasarsa, jadawali na biyu na zubi. Suna alfahari da shi. Ɗan bautar ƙasa ya tashi ya yi bayani, Hajiya tana zaune da jakarta a cinya tana kallon allon. Da ya gama ta ce:

"To ɗan nan, ina mai hannu biyu?"

Ya ce, "Hajiya, wane ne mai hannu biyu?"

"Wadda take zuba na mutum biyu, ta kwasa sau biyu. Ina da su huɗu yanzu haka. Akwai kuma waɗanda su biyu suka haɗa hannu ɗaya, kowa rabi, ranar kwasa su raba."

Ɗakin ya yi tsit. Tsarin nasu gaba ɗaya ya ginu ne a kan mutum ɗaya, zubi ɗaya, kwasa ɗaya. Malama ta ce, "Gwaggo, gaya musu maganar musanya." Hajiya ta ce ai jerin kwasa ba a dutse aka rubuta shi ba. Wadda haihuwa ta zo mata ko bikin 'ya, sai ta roƙi wadda ke gabanta su yi musanya, kuma dole a san da yardar wa aka yi, saboda ranar da za a yi musu. Sannan ta kawo wadda ba wanda ya taɓa tunaninta. Idan wata ta makara da zubi ranar kwasa, ba a cewa mai kwasa ta jira. Uwar adashi ce ke cikawa daga aljihunta. Daga ranar bashin ya tashi daga kan adashi ya koma tsakanin mai makara da ita uwar. A littafinta tana yi wa irin wannan ɗigo da jan biro.

Ta fito da littafin ta nuna mana. Littafin makaranta ne mai shafi 80, an ja layuka da hannu, gefensa ya yi laushi saboda juyawa. Wasu sunayen da boko, wasu da ajami, wasu kuma ba suna ba ne, laƙabi ne irin "ta gidan mai itace".

Muka goge allon. Sabon tsari: mutum daban, hannu daban, sai jadawali na uku da ke cewa wane yana da kaso kaza a hannu kaza. Kwasa ta hannu ce, ba ta mutum ba. Kowane zubi yana ɗauke da wanda ya kamata ya biya da wanda ya biya a zahiri. Abin da littattafai ke ɗaukar babi guda suna bayani a kan alaƙar jadawalai, yau kowa ya gane shi saboda mai hannu biyu. Na ƙara musu da cewa kuɗi a lamba cikakkiya za mu ajiye shi, na sa suka buga 0.1 + 0.2 suka ga bai fito 0.3 daidai ba, aka yi ta salati.

Da za ta tafi mun ba ta kuɗin adaidaita sahu ta ƙi karɓa. Ta ce in mun gama mu kira ta, amma kada mu sa ran za ta yar da littafinta.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mutum 15. Cin karo na farko a Git: mutum biyu sun gyara layi ɗaya, alamomin nan na kibiyoyi suka fito a fayil, ɗaya ya ce kwamfutarsa ta kamu da cuta. Muka haska a majigi muka warware tare.

Sai matsalar ƙ da ɗ da ɓ. An saka suna mai ƙ, a Linux lafiya lau, a Windows manhajar ta faɗi da UnicodeEncodeError wajen rubuta fayil, domin Windows ba UTF-8, tsarin ajiye haruffa da ya san ƙ da ɗ da ɓ, take ɗauka da kanta ba sai an gaya mata. Aka ƙara encoding="utf-8" ya wuce. Da aka buɗe fayil ɗin a Excel sai haruffan suka rikiɗe suka zama shirme. Wata ɗaliba, wadda tun da ta fara zuwa ban ji muryarta ba, ita ta gano utf-8-sig. Gyaranta ne na farko da aka haɗe a rumbun.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun ranar Litinin 21 ga wata babu wuta, ba a unguwarmu kaɗai ba, kusan arewa gaba ɗaya. Babban layin Shiroro zuwa Kaduna dama an lalata shi, sai wanda ke kawo wuta ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi. Ruwa ya yi tsada saboda injinan burtsatse sun tsaya, ƙanƙara ta zama abin nema, masu cajin waya sun ƙara kuɗi kuma sai ka yi layi.

Da safe Alhaji ya kira ni. "Malam, ka yi haƙuri, injin nan kwana biyar yana aiki ba hutu, jiya ya tsaya. Mai gyara ya ce sai Litinin." Na rubuta a zaure cewa babu wuta babu janareta, amma za a buɗe ɗaki. Mai gyaran waya ya so a ɗage. Na ƙi, saboda in aka fara ɗagewa mutane za su koma tambaya duk mako ko akwai zama, alhali abin da muke da shi kenan, ba a tambaya.

Mutum 11 suka zo. Laftof huɗu ne ke da sauran caji, ɗaya ta mutu kafin a gama gaisawa. Zafi ya kore mu daga ɗakin muka fito da benci ƙarƙashin dalbejiyar harabar. Malama ta kwafe aikin lissafin kwasa a takarda, ta raba mutane: kai ne wannan ma'ajin, ke ce wancan, ni ce madauki. Aka riƙa bin kod ɗin layi-layi da baki, kowa yana rubuta abin da ke hannunsa yana gogewa. A zagaye na uku wanda ke riƙe da lissafin juyi ya ce, "Ai ni na wuce adadin hannuwan." Haka muka gano cewa idan aka yi musanya a zagayen ƙarshe, manhajar tana tsallake mutum ɗaya ta ba wani kwasa sau biyu. Kuskuren yana nan tun makon jiya, mun gudu da kod ɗin a kwamfuta ba mu gan shi ba, domin ba wanda ya gwada musanya a ƙarshe. A adashin gaske wannan rigima ce da za ta kai gaban mai unguwa.

Laftof ɗin da ta fi caji muka ba ɗalibar nan ta rubuta gwaji na farko da pytest, wanda ke kama wannan kuskuren. Ta gama batir yana kashi 6.

Kashewa yau: fiyawata 1,200, babu sanyi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Wuta ta fara dawowa tsakiyar mako, tana zuwa tana tafiya. Hacktoberfest ya rufe. Mutum biyu ne suka cika huɗu, wasu shida suna da ɗaya ko biyu. Kwanakin duhun nan sun cinye makon da aka fi sa rai. Rumbun namu yana da gyara 19 da aka haɗe.

Mun zauna lissafi. Daga farkon Satumba mun kashe naira 94,000 da 'yan kai, fiye da rabi a kan mai, kuma duk daga mu uku. Ba zai ɗore ba. An yi muhawara a kan saka kuɗin shiga. Ɗaliban da ke zuwa daga Hotoro da Rijiyar Zaki sun ce kuɗin mota ma da ƙyar suke haɗawa. Aka tsaya a kan gwangwani a bakin ƙofa, mai hali ya saka, ba a rubuta suna. Ɗan bautar ƙasa zai riƙe kuɗin, ya riƙa saka hoton lissafi a zaure duk wata.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gwangwani: 6,350. Mun fara Flask. An saka wa mai Windows 7 Linux Mint.

Talata, 12 ga Nuwamba

Malama ta kawo maganar da ta daɗe tana ci mata rai. Mata 20 da wani abu ne a zaure, uku ke zuwa. Ta bi su ɗaya-ɗaya ta waya. Amsar kusan ɗaya ce: yanzu rana tana faɗuwa da wuri, in an tashi ƙarfe 6 magariba a hanya take riskarsu, gida ba za a yarda ba. Wasu kuma iyayen suna so su san wane ne a wurin. Biyu sun ce sun leƙo sau ɗaya suka ga maza cike suka juya.

Na koma wurin Alhaji. Safiyar Asabar tana da ɗalibansa, amma ƙaramin ajin baya babu kowa daga 10 zuwa azahar. Ya ba mu. Malama za ta riƙe wannan zaman, da tsarin Django Girls, wanda aka fara a Berlin a 2014: ƙananan rukuni, kowane da mai jagora guda, kuma darasinsu kyauta ne a intanet. Ta rubuta 'yar takarda da Hausa mai ɗauke da adireshin wurin, lokacin tashi da sunanta, don a kai wa iyaye.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Zaman safe: mata 9. Na yamma: 14. Ni ina Zariya wajen ta'aziyya. Mabuɗi yana hannun mai gyaran waya, ɗalibar utf-8-sig ta ja darasin yamma. Na ga gyara uku sun shigo rumbu ina cikin mota.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, yayan ɗaya daga cikin yaran, ya zo ya zauna a baya har aka tashi. Yana so a yi masa abin da zai riƙa lissafa dilolin atamfa da shadda tsakanin shago da sito, da bashin da 'yan sari ke ɗauka. Yara biyu suka ce za su iya, ɗaya har ya faɗi kuɗi a tsaye, kuɗin da ko man zirga-zirgarsa ba zai biya ba. Na ce, "Alhaji, a ba su mako guda su zo shago su ga yadda ake aikin, sannan su kawo maka farashi a rubuce."

Bayan ya tafi muka yi rabin awa a kan abin da ba ya cikin kowane darasin Python: a rubuta abin da za a yi da abin da ba za a yi ba, a karɓi wani kaso kafin a fara, a faɗi wanda zai gyara in ta lalace bayan wata shida da nawa za a biya shi. Zaman ba zai karɓi ko kwabo a ciki ba, kuma ba zai tsaya wa kowa ba. Aikinsu ne su biyu. Abin da za mu yi musu shi ne duba kod ɗin ranar Asabar in sun kawo.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Safe 8, yamma 13. Sanyi ya fara, ba a kunna fanka, mai lita 2 ya isa. Madannai huɗu na masu Termux sun iso, 4,500 kowane, daga gwangwani.

Asabar, 7 ga Disamba

Hajiya ta dawo, a zaman safe. Aka ba ta waya ta gwada. Hannu biyu ya yi, rabin hannu ya yi, musanya ta yi har da sunan wadda ta yarda. Ta sa aka shigar da zubin da ta cike wa wata, jan ɗigo ya fito a gefen sunan, ta ce, "To, wannan kun ji magana." Ƙorafinta uku: rubutun ya yi ƙanana, ba ta son sai da intanet, kuma tana so a ƙarshen mako ta samu abin da za ta tura wa matan a WhatsApp, su ga wa ya zuba, ba tare da kowa ya ga bashin wata ba.

Na biyun shi ne babba. Flask ɗin da muka yi yana zaune ne a laftof, wayar tana leƙo shi ta rauta. Don ya zauna a wayarta shi kaɗai sai an sake gina fuskar gaba ɗaya, kuma a cikinmu ba wanda ya taɓa fitar da manhajar Android. An raba aiki: mutum biyu za su gwada Kivy mai gina manhajar waya tunda Python ce, biyu za su duba shafin da burauza ke ajiyewa ya yi aiki ba intanet, su kawo abin da suka samu a zaman farko na Janairu. Girman rubutu da saƙon WhatsApp an buɗe musu aiki a rumbu, an ajiye wa sababbin zuwa.

Za mu yi zama 14 da 21 ga wata, mu huta 28. Gwangwani yana da ragowar 11,800. Mai gyaran waya ya kawo farashin batir da ƙaramar inbata na hannu da za su riƙe rauta da majigi da laftof biyar na awa uku, kuɗin ya fi ƙarfin gwangwani nesa ba kusa ba, za mu tambayi Alhaji ko zai raba da mu tunda ajinsa ma zai amfana. Azumi zai kama a farkon Maris, don haka kafin ƙarshen Janairu sai an yanke ko zaman yamma zai koma safe ko bayan tarawihi. Filashin yana buƙatar sabuntawa, kuma har yanzu ba a samu wanda zai riƙe mabuɗi na biyu ba.